Sawun Uwa a Kan Tsofaffin Hanyoyi

A 1985, mutanen da suka bi tsohuwar hanyar ibadar Kiristoci zuwa birnin Santiyago na ƙasar Sifaniya, har aka miƙa musu takardar shaidar isowa, ba su kai dubu ɗaya ba. A 2024 sun kusa rabin miliyan, akasarinsu a ƙafa, kuma tun daga 2018 mata ne ke rinjayar maza. Kowa da abin da ya fito da shi daga gida. Akwai mai cika alwashi, akwai mai jinyar zuciya bayan rasuwa ko mutuwar aure, akwai mai motsa jini, akwai kuma ɗan bin yayi. To amma a cikin matafiyan Turai akwai wani rukuni da kabarin waliyyin da ke ƙarshen waccan hanya bai dame su ba. Su tafiyarsu suke yi zuwa wuraren da ke ɗauke da sunan mace: majami'un Faransa masu baƙaƙen mutum-mutumin Nana Maryam, da kogon Sant-Bom inda al'adar ƙasar ta ce Maryam Magadaliya ta ƙarasa kwanakinta, da kufan wuraren bauta na tsibirin Kirit. In ka tambaye su me suke nema, sai su ce ɓangaren mace na allahntaka.

Maganar tana da asali. A shekarun 1970 wasu mata masana a Turai da Amurka suka fara ƙorafin cewa addinin da suka gada da muryar namiji kaɗai yake magana, daga mai wa'azi har hotunan da ke jikin bango. Merlin Stone ta fitar da littafi a 1976 tana cewa an taɓa yin zamanin da mace ake bauta wa. Marija Gimbutas, masaniyar tonon kufai 'yar asalin Lituweniya, ta tattara ƙananan gumakan mata da aka haƙo a kudu maso gabashin Turai ta ce shaida ne a kan haka, ko da yake da yawa daga abokan sana'arta sun ce ta ɗora wa gumakan kayan da ya fi ƙarfinsu. Sai ga ƙagaggen labarin Dan Brown a 2003, wanda ya mai da Maryam Magadaliya abar zance a kowane gida. Daga nan kamfanonin yawon buɗe ido suka shinshino kasuwa.

Musulmin Bahaushe da ya ji an haɗa allahntaka da mace, abin da zai fara fitowa daga bakinsa ta'awwuzi ne. Aƙidarsa a fili take: Allah ba namiji ba ne, ba mace ba ne, babu abin da ya yi kama da Shi. In muka ce Allah Ya yi, larurar harshe ce, don Hausa ba ta da kujerar tsakiya. Komai sai ya zama "ya" ko "ta", har ruwa da rana da tunani. Amma ƙin karɓar amsar mutum ba ya hana a saurari tambayarsa. Me ya sa tun dubban shekaru mutane ke tashi su yi kwanaki suna tafiya saboda sunan wata mace? Kuma wace irin mace ce wannan?

Mu fara da hanyar da ta fi tsufa a cikin waɗanda labarinsu ya iso mana dalla-dalla. Daga birnin Atina na ƙasar Girka zuwa garin Elusis tafiyar kilomita ashirin da 'yan kai ce, kuma Girkawa suna kiranta Tsattsarkar Hanya. Kowace shekara, wajajen watan Satumba, dubban mutane kan fito su taka ta, sama da shekara dubu ana yi. Ba a hana kowa: maza da mata, 'ya'ya da bayi, muddin mutum yana jin Girkanci kuma babu jinin kisa a hannunsa. Sarakunan Rum irin su Hadiriyan da Markus Oreliyus sun shiga. Kafin ranar tafiya kowa zai sauka teku ya yi wanka, ya wanke ɗan aladen da zai yanka. A kan wata gada kuma, wasu mutane kan tsaya su yi ta zuba wa manyan gari ba'a da zagi, babu mai ikon tanka musu, don a sauke wa kowa girman kansa kafin ya ƙarasa. Sai dare ya yi ake isa, da jiniya a hannu, da yunwa a ciki.

Jiniyar da yunwar duka kwaikwayo ne. A tatsuniyarsu, Dimita allahiyar hatsi ta wayi gari sarkin matattu ya sace 'yarta Fasifoni. Kwana tara tana zagaya duniya da wuta a hannu, ba ci, ba sha, ba wanka. Da ta gaji sai ta rikiɗe tsohuwa ta zauna a bakin wata rijiya a Elusis, inda 'yan matan gidan sarki suka zo ɗiban ruwa suka tarar da ita, suka kai ta gida aikin raino. Aka miƙa mata giya ta ƙi, ta ce a dama mata sha'ir da ruwa da ɗan na'ana'a. Wannan farau-farau shi ne abin da mahajjatan Elusis ke buɗe baki da shi. Abin da ake nuna musu a cikin babban zauren ibada sirri ne wanda hukuncin tona shi kisa ne, kuma ya tafi da masu shi lokacin da daular Rum ta haramta tsofaffin addinai, mayaƙan Alarik kuma suka ragargaza wurin a 396. Yau garin na matatun mai ne da masana'antu. Abin da ya rage a sani shi ne abin da aka yi a fili, wato mutum ya yi tafiyar da uwa ta yi, ya ji yunwar da ta ji, ya sha abin da ta sha.

A Foland kuma hanyar tana nan da ranta. Tun 1711 mutanen birnin Warso ke tashi a ƙafa zuwa Censtohowa, kimanin kilomita 250, su bar gida 6 ga Agusta su isa 14 ga wata. Mulkin kwaminisanci ya zo ya wuce bai iya kashe wannan tattaki ba. A hanya kowa ɗan'uwa ko 'yar'uwa ake kiransa, ko minista ne ko mai shara. Matan ƙauyuka kan fito da tebura bakin titi, da tukwanen miya da burodi, su kuma buɗe wa baƙi rumbunan ciyawa su kwana. Abin da ake zuwa gani hoton Nana Maryam ne riƙe da ɗanta, fuskarta baƙa, da sara biyu a kumatun dama. Ɓarayi ne suka yi mata wannan rauni a 1430, kuma da aka gyara hoton an bar tabon a fili. 'Yan Katolika ba su ce mata allahiya, za su ma yi faɗa da wanda ya ce haka suke nufi. Uwa suke ce mata, uwar da a aƙidarsu ta tsaya tana kallon azabar ɗanta.

Haka sunan yake bin ka duk inda ka juya. A tudun Tefeyak na Meksiko, inda miliyoyi ke taruwa kowace 12 ga Disamba, wasu suna ƙarasawa da jan gwiwa, mutanen ƙasar tun kafin zuwan Turawa suna ziyartar wadda suke kira Tonantsin, ma'ana uwarmu. A duwatsun Jammu na Indiya, masu hawan kilomita goma sha biyu zuwa kogon Baishno Debi cewa suke yi ba wanda ke zuwa sai uwa ta kira shi. A hamadar Balucistan ta Pakistan, wurin bautar Hindu na Hinglaj, Musulmin yankin suna ce masa wurin Nani, wato kaka ta wajen uwa.

Addinai ne daban-daban, wasu ma ba sa ga maciji da juna, kuma ba na cikin masu cewa duk kanwar ja ce. Abin da na lura da shi kawai shi ne, macen da ke cikin manyan labaran nan ba sarauniya ce da ke kishingiɗe tana jiran gaisuwa ba. Mace ce da aka taɓa mata ɗa. Wanda ya taɓa ganin matar da yaronta ya ɓace a kasuwa ranar jajiberin salla ya san irin tafiyar da nake nufi. Mayafi ya zame ba ta sani ba, takalmi ɗaya ya fita ba ta waiwaya ba, ta leƙa rumfar da ta riga ta leƙa sau uku, tana tambayar wanda ta riga ta tambaya. Ba ta da taswira, ba ta da masauki, tsayawa ce kawai ba za ta iya ba.

Hausa ta ware wa tafiya sunaye bisa ga niyyar mai yin ta. Fatauci na neman riba ne, ci-rani na neman abin rufin asiri, hijira ta tsira da addini ko da rai, ziyara ta zuwa ga wanda ake girmamawa, tattaki na wanda ya ɗauki wahala da gangan. Yawo shi ne wanda ba shi da alƙibla, kuma abin lura, mace ce ta fi shan dukan wannan kalma. Namiji ya yi yawon duniya a ce ya ga jiya ya ga yau; mace ta cika fita a ce ƙafar yawo gare ta, in abin ya yi tsanani a ce yawon ta zubar. To ga wani abu da ya kamata ya sa mai irin wannan baki ya yi tunani: a cikin rukunan aikin Hajji akwai guda wanda gaba ɗayansa bin sawun mace ne da ta fita ita kaɗai.

Kowa ya san ƙissar, amma sanin da aka yi mata ya sa ba a cika tsayawa a kanta ba. Annabi Ibrahim, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ajiye Hajara da jaririnta Isma'ila a kwarin da babu shuka babu mutum, ya bar musu jakar dabino da salkar ruwa, ya juya. Ta bi shi tana tambaya, bai waiwayo ba, sai da ta tambaye shi ko umarnin Allah ne, ya amsa mata. Nan ta koma da natsuwa tana cewa Wanda Ya yi umarnin ba zai tozarta su ba. Ruwa ya ƙare, nono ya ƙafe, yaro ya fara murƙususu, ta kasa kallonsa. Ta hau Safa ta duba, ba kowa. Ta gangaro, da ta iso cikin kwari ta tattare gefen tufarta ta ruga, ta hau Marwa ta duba, ba kowa. Sau bakwai. Mai tawakkalin da ta faɗi waccan magana ita ce dai mai wannan gudu, kuma babu inda ɗaya ya ci karo da ɗaya. Ruwan kuma da ya tashi fitowa, ba a Safa ya fito ba, ba a Marwa ba. A wurin da yaron yake kwance ya ɓuɓɓugo. Ta durƙusa tana tare shi da ƙasa da hannuwanta. Da ayarin Jurhum suka hango tsuntsaye na shawagi suka zo neman izinin zama, ta yarda, da sharaɗin ruwan yana hannunta. Baiwa 'yar Masar, ba miji a kusa, ba dangi, ita ce ke gindaya wa ƙabila guda sharaɗi. Makka daga nan ta zama gari.

Yau wurin sa'ayi doguwar rumfa ce mai hawa-hawa, daɓen marmara, sanyin na'ura, ga Zamzam a gefe, ga layin masu keken guragu. Tsakanin duwatsun biyu bai kai rabin kilomita ba, zuwa bakwai ɗin ya ɗan haura kilomita uku. Amma ka tsaya daidai inda korayen fitilu suke a sama ka kalli abin da ke faruwa. Nan ne tsohon kwarin, inda malamai suka ce yaron kan ɓace mata daga gani shi ya sa take rugawa. Da an iso nan sai ka ga maza sun ɗaga ƙafa: gwamna da attajiri da shaihin malami, tsoho mai furfura yana riƙe da haraminsa kada ya kwance, ƙato yana haki, duk suna sassarfa. Matan kuwa ba a ɗora musu ba, tafiyarsu suke yi a tsanake. A mazhabar Malikiyya da muke bi sa'ayi rukuni ne, wanda ya bar shi yanka ba ya fanshe shi. Wato namiji ko wane ne shi, Hajjinsa bai cika ba sai ya yi gudun da uwa ta yi.

A nan ne na ga bambanci tsakanin zuwa ga mace da bin sawun mace. Ba wanda ke bauta wa Hajara, ba wanda ke roƙonta, babu hotonta a bango. Allah ake nufa, amma ta hanyar da ƙafarta ta shata. Kuma ba nan kaɗai aka yi mana ishara da uwa mai nema ba. Ya zo a ingantaccen hadisi cewa wata mata cikin fursunonin yaƙi ta yi ta kai-kawo tana neman jaririnta, da ta samu yaro sai ta rungume ta ba shi nono. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tambayi sahabbai ko suna ganin wannan za ta jefa ɗanta a wuta, suka ce a'a, sai ya sanar da su cewa tausayin Allah ga bayinSa ya fi nata ga ɗanta. Da aka tashi kusanto wa mutane da rahamar Ubangiji, ba a nuna musu sarki ko jarumi ba. Ƙishirwar da ta fitar da waɗancan matafiya na Turai, ta son su ji cewa Mahalicci Mai tausayi ne ba Mai fushi kaɗai ba, ƙishirwa ce ta gaske. Inda muka rabu da su shi ne, su sun ga sai an sauya wa abin bauta jinsi, mu kuwa muka ce Ya fi ƙarfin jinsi tun farko.

Akwai wata macen kuma da ta ɗauki aikin Hajara ta shimfiɗa shi a kan hamada. Zubaida 'yar Ja'afar, matar Halifa Haruna Rashid, ta je Hajji ta ga yadda ƙishirwa ke kashe alhazai da yadda ruwa ya yi tsada a Makka. Ta sa aka janyo ruwa daga Wadi Nu'uman ta magudanan ƙarƙashin ƙasa har Arfa. Masu tarihi sun kawo cewa da aka tsorata ta da yawan kuɗin, ta ce a yi ko da kowane saran gatari zai ci dinari. Ta kuma zuba dukiya a hanyar Kufa zuwa Makka, wajen kilomita 1,400, aka haƙa rijiyoyi, aka gina masaukai da tafkunan dutse masu matakala, wasu da ƙaramin kwarmi a gaba inda laka ke kwantawa kafin ruwan sama ya shiga babban tafki. Hanyar ta girme ta, halifofi maza sun yi aiki a kanta kafin ita, amma sunanta ne ya bi ta. Ta rasu a 831. Ibn Jubair ya bi hanyar a 1184 yana lissafa alherinta, kuma har gobe wasu tafkunan suna nan a arewacin Saudiyya.

Kakanninmu ma sun san dogon tattaki. Kafin jirgin sama, mai niyyar Hajji kan nemi gafarar dangi kamar mai barin duniya, ya bi ta Barno, Wadai, Darfur, Kurdufan, har bakin Bahar Maliya a Sawakin. Tafiyar shekaru ce, ana yi ana tsayawa neman guzuri. A hanya aka haifi 'ya'ya, a hanya aka yaye su, wasu a hanya aka aurar da su. Da yawa ba su ƙarasa ba, ba su kuma dawo ba; jikokinsu ne ke Mai Wurno da ƙauyukan noman audugar Jazira a Sudan, ana ce musu Takari. In ana ba da wannan tarihi sunayen malamai da sarakuna ake ji. Wadda ta goya yaro ta ɗauki tukunya, ta nemo ruwa da itace a kowane zango, ta soya ƙosai ta sayar aka samu kuɗin jirgin ruwa, ba a cika tunawa da ita ba. A nan gida kuma, 'yan taru na Nana Asma'u, tsofaffi da 'yan mata, kan tako daga ƙauyuka bayan jagorarsu, wato jaji mai malfa, su zo su ɗauki karatu su koma su raba wa matan da aure da goyo suka tsare a gida.

Zamani ya sauƙaƙa hanyoyin duka, kuma ba mai hankalin da zai yi kukan haka. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, balle a ce ta zama ta kwana ɗaya. Titin gaɓar Makran da aka gama a 2004 ya mai da tafiyar makonni zuwa Hinglaj ta 'yan sa'o'i. A Turai akwai mai ɗaukar maka jaka daga masauki zuwa masauki. Mu ma daga Kano zuwa Jidda 'yan sa'o'i ne. Abin tsoron shi ne a rage wahala a haɗa da ma'ana. Mai biyan kuɗi mai yawa don ta je kogo ta ji wani abu a ranta, in ta dawo ba ta ga matar da ke share mata ɗaki ba, yawo ta yi. Alhajin da ya yi sassarfa ƙarƙashin korayen fitilu yana duba waya, ya dawo ya saki mace da goyo ba ci ba sha, ya kuma kira hakan ƙaddara, shi ma yawo ya yi, ko da ya zo da haƙorin Makka.

Don haka ina kira ga malaman bita da su ba ƙissar Hajara haƙƙinta, kada a tsaya ga lissafin zuwa bakwai da addu'ar da za a karanta. Maniyyaci ya san sawun wa zai taka, ya san me ya sa ta gudu. Masu hali da ke komawa Umra duk shekara kuma su tuna da Zubaida, don a ƙauyukanmu har yanzu akwai matan da ke yin tafiyar da ta fi ta Safa da Marwa kowace safiya, da jarka a ka da goyo a baya, kafin su samu ruwan da za su dafa abinci. Kuɗin kujera ɗaya zai rage musu wannan tafiya. Allah Ya karɓi ibadarmu, Ya saka wa iyayenmu mata da Aljanna.